Famfon Barasa da Alhakin Mai Sana'a

Akwai wani abu da samari masu gyaran famfo suka koya daga hotunan intanet, suna ƙera wa masu mashaya da masu gidaje a nan Libreville. Zan kwatanta shi tukuna saboda 'yan'uwa na gida da ba su taɓa ganinsa ba. Akan sami katako mai kauri a yi gindi da shi. A kafa guntun bututun ƙarfe a tsaye a kansa, a ɗaura masa mahaɗa mai baki uku, irin wadda ake raba hanyar ruwa da ita. A bakin gefe sai a murɗa kan famfo na tagulla. A bakin sama kuma a kifa kwalbar wuski ko jin, wuyanta a ƙasa gindinta a sama, a toshe da roba don kada ta yi yoyo. Wanda ya san aiki yakan bar 'yar hanyar da iska za ta shiga kwalbar, gama in iska ba ta shiga ba, abin da ke ciki ba ya saukowa sosai. Kayan duka ana samunsu a shagunan kayan gini ko a kasuwar Mont-Bouët, aikin kuwa bai kai na yini guda ba. In an gama, mutum ya tara kofi, ya murɗa, barasa ta zubo kamar ruwa.

Ba zan ɓoye ba, abin yana da kyaun gani. Wanda ya fara tunaninsa yana da kai. Ni da na tashi a makarantar mishan, inda aka koya mana sassaƙa da saƙar igiya kafin mu iya rubuta wasiƙa, ba na iya ganin aikin hannu mai tsabta in rasa jin daɗi. Amma wata rana wani saurayi daga cikin masu shirin baftisma, mai gyaran famfo ne, ya tsaya bayan aji ya ce mini, "Malam, wata mai mashaya ta ba ni aikin guda shida. Kuɗin zai kusan biya mini katin zama. In karɓa?" Na ce masa, "Ɗana, zauna, wannan ba maganar tsaye ba ce." Tambayar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, gama maƙeri da kafinta da tela da direba duk suna cikinta. Ina iyakar alhakin mutum a kan abin da hannunsa ya yi, bayan abin ya bar hannunsa?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ni dai ƙarfe na haɗa." Kada mu yi saurin raina ta. Maƙeri yana ƙera wuƙa, mahauci ya yanka nama da ita, wani kuma ya soki ɗan'uwansa, ba wanda ya taɓa kai maƙeri gaban alƙali. In muka ce kowane mai sana'a sai ya bi kayansa har inda suka kwana, duniya za ta tsaya. Direban tasi zai riƙa tambayar kowane fasinja abin da zai je yi. A majami'un garin nan akwai masu bi da suke cin abinci daga kamfanin Sobraga, wanda yake yin giyar Régab, waɗansu direbobi, waɗansu masu gadi, waɗansu akawu. Mai gyaran famfon da ya gyara makewayin mashaya ya taimaki masu shan giya, amma ya taimaki lafiyar unguwa kuma. Ban ga yadda za a kama shi da laifi ba.

Duk da haka amsar tana da iyaka, Littafi Mai Tsarki kuwa ya nuna mana inda take ƙarewa. A Fitowa sura 32, sa'ad da Musa ya tuhumi Haruna a kan ɗan maraƙin zinariya, Haruna ya yi magana kamar wuta ce ta yi aikin da kanta, shi dai zinariya ya zuba. Mai karatu ya san ba haka ba ne, gama farkon surar ya gaya mana shi ne ya siffata shi da kayan aiki. Sura ɗaya kafin wannan an ba mu labarin Bezalel, wanda Allah ya cika da Ruhunsa domin aikin zinariya da tagulla da itace. Gwanintar iri ɗaya ce, zinariyar ma daga kunnuwa da wuyan jama'a ɗaya ta fito. Duk wanda ya taɓa tsayawa a majami'ar Saint-Michel ta Nkembo ya dubi ginshiƙan itacen da Zéphyrin Lendogno ya sassaƙa labaran Littafi Mai Tsarki a jikinsu, ya san abin da gizago yake iya yi a hannun mai tsoron Allah. Wuƙa tana da amfani ɗari, shi ya sa maƙeri ya kuɓuta. Ɗan maraƙin zinariya amfaninsa ɗaya ne, shi ya sa Haruna bai kuɓuta ba. Ikkilisiyar farko ta gane wannan. A wani tsohon littafin tsarin ikkilisiya na wajen ƙarni na 3, wanda ake dangantawa da Hippolytus na Roma, an umarta a tambayi mai neman baftisma sana'arsa, in mai sassaƙa gumaka ne, ko dai ya bari ko a sallame shi. Mu katikis wannan aikin muka gada, ko da yake yanzu kunya takan hana mu tambaya.

To, famfon barasa amfaninsa ɗaya ne. Ba wanda zai kifa kwalbar man ja a kansa. Da a ce barasa gunki ce, da magana ta ƙare a nan. Amma a nan ne ya kamata in yi hankali, domin masu bi ba su zama baki ɗaya a kan sha ba, ni kuma ba ni da ikon ɗora wa mutum kayan da Ubangiji bai ɗora masa ba. Ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan na SIM da SUM a Arewacin Nijeriya sun sa barin burukutu cikin sharuɗan zama cikakken mai bi, suna kuwa da dalili, gama sun ga hatsin da ya kamata ya kai iyali damina yana ƙarewa a tukunyar giya. Katolika ba su hana sha ba, buguwa suka hana. Maƙwabtanmu Hausawa Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa cikin masu jin harshenmu a garin nan, koyarwarsu ta haɗa mai sha da mai matsawa da mai ɗauka da mai sayarwa a laifi ɗaya, saboda haka tambayar ba ta ba su wahala. Mu kuwa muna da bikin Kana a Yahaya sura 2, muna da shawarar da Bulus ya ba Timoti saboda ciwon cikinsa, muna kuma da gargaɗin Karin Magana da na Habakuk a kan mai shayar da maƙwabcinsa har ya bugu. Dole mu riƙe su duka.

Abin da ya taimake ni shi ne wani bambanci da John Wesley ya yi a ƙa'idodin da ya rubuta wa jama'arsa a 1743. Bai yi faɗa da kowane abin sha ba. Abin da ya hana saye da sayarwa da sha, sai da matsananciyar larura, shi ne barasa mai ƙarfi wadda aka tace da wuta. Ruwan inabin Kana da bammin da ake tatsa a dajin Gabon ƙarfinsu kaɗan ne in an gwada da wuski ko jin, waɗanda sukan kai kashi 40 cikin 100. Famfon da muke magana a kansa don wannan mai ƙarfin aka yi shi. Garin nan kuwa ya san ta tun ba yau ba. Tun kafin a kafa Libreville a 1849 domin bayin da aka 'yanto daga jirgin Elizia, barasar Turawa tana cikin kayan da ake musayar hauren giwa da itace da 'yan adam da su a bakin wannan ruwa. Mishan na farko da Amurkawa suka kafa a 1842 sun kafa shi a Baraka. Kunnen Bahaushe zai ji kamar albarka, amma sunan daga rumfar tsare bayi ya samo asali. Likita Albert Schweitzer, da ya iso Lambaréné a 1913, ya ba da labarin ƙauyukan bakin kogin Ogooué da barasa ta mai da kufai. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince su hana shigar da ita inda ba a saba da ita ba, shi ya sa Arewacin Nijeriya ya zama yankin hani a zamanin Turawa, bakin teku kuwa aka bar shi a buɗe saboda kuɗin fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sha ya jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai.

Yanzu mu dubi abin da famfon yake yi wanda kwalba ba ta yi. Kwalba tana da murfi, akan ajiye ta a kabad, akan tashi a ɗauko ta, akan ga yadda take raguwa a hannu. Waɗannan ƙananan wahaloli su ne ɗan lokacin da lamiri yake samu ya yi magana. Famfo ya kawar da su. Ya ɗauki barasa ya sa ta a tsakiyar falo kamar furen ado, a tsayin da yaro mai shekara biyar zai kai, da irin makunnin da aka koya masa murɗawa in yana jin ƙishi. A manyan otal akwai na'urar da ake kifa kwalba a kanta, amma ita tana da awo, in an danna sai ta ba da mudu ɗaya ta tsaya. Na bututu ba shi da awo, yana zuba har sai hannu ya gaji. Ga kuma wani abu. Kwalbar da aka kifa tambarinta kawai mai saye yake gani, bai ga lokacin da aka buɗe hatiminta ba. Mai mashaya marar gaskiya zai iya cika ta da kowace irin haɗin gida da dare. Ba mu manta da Ode-Irele ta Jihar Ondo a watan Afrilu na 2015 ba, da Jihar Ribas bayan wata biyu, inda ogogoro mai gubar metanol ya makantar da mutane ya kashe gommai. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai sha yana da nasa laifi, ba na wanke shi. Amma wanda ya shirya warin ya san abin da yake shiryawa.

Har yanzu wani zai iya cewa duk wannan ra'ayin katikis ne, shi kuma ikkilisiyarsa ba ta hana sha ba. To, ga maganar da ta kama mai sha da marar sha daidai, ita ce kuma ta fi damuna, wato ƙarfen kansa.

Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, amma masu ƙera kan famfo sun daɗe suna ƙara mata dalma domin ta yi laushin yankawa a inji. A Amurka, har zuwa Janairu na 2014, doka ta yarda a kira kayan famfo marasa dalma ko da suna ɗauke da kashi 8 cikin 100. Daga lokacin ne aka sauko da shi zuwa rubu'in kashi 1 cikin 100, wannan ma ga kayan ruwan sha kaɗai. Wanda aka yi don iskar gas ko ban ruwan lambu ba ya cikin dokar. Wanda muke tsinta a tire a kasuwa, sau da yawa ba shi da wata alama da za ta gaya maka ko na mene ne. Farin bututu kuma, wanda aka shafe da tutiya kamar kwanon rufi, shafensa yakan ɗauki ɗan dalma, tsami kuwa yana cinye shi. Baƙin bututu yakan zo da maiƙon masana'anta a cikinsa, yana kuma tsatsa. In an like wani wuri da tsohuwar dalmar liƙi, rabinta dalma ce zalla. Wuski yana da ɗan tsami, ruwan inabi da bammi sun fi shi. Ruwan famfo wucewa yake yi, amma barasar da ke cikin wannan na'ura kwana take yi a cikin ƙarfe, wani lokaci mako guda, tana jiƙa shi. Kofin farko da aka tara shi ne ya fi ɗaukar abin da ya narke.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1723 hukumar Massachusetts ta Amurka ta hana a tace barasar rake da bututun dalma, saboda masu shanta suna ta ciwon ciki da shanyewar hannu. A 1767 wani likita a Ingila, George Baker, ya nuna cewa murɗar cikin da ta daɗe tana damun mutanen Devon daga dalmar da ke jikin matsewar giyar tuffa take fitowa. Mu ma ba sai mun je nesa ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400. Ba na cewa kan famfo ɗaya zai yi irin wannan ɓarna, gama abin da yake saki kaɗan-kaɗan ne. Amma likitoci sun ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar lahani. Tana taruwa a ƙashi shekara da shekaru, tana taɓa ƙoda, tana hawar da jini, tana ratsawa daga mace mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta.

Ka lura da yadda wannan cuta take da ɓoyo. Mutum ya fara murɗar ciki, bayan gida ya ƙi fita, jini ya ragu, hannu ya yi sanyi. Matarsa za ta ce giya ce. Danginsa za su ce sammu ne, watakila har a zargi wata tsohuwa a ƙauye. Ba wanda zai tuna da saurayin da ya haɗa bututu shekara uku da suka wuce. Ba ɗan sanda, ba alƙali, ba ko gunaguni. A irin wannan wuri ne ake gane ko mutum yana da tsoron Allah ko tsoron kamu kawai yake da shi. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa 'yar katanga, domin in wani ya faɗo, alhakin jinin yana kan gidan. Dokar ba ta tambaya ko wanda ya faɗo ganganci ya yi ba, ko ma a buge yake. Wanda ya san haɗarin tsawo tun ana gini, shi aka ɗora wa. Mai mashaya ba ta san bambancin tagulla mai dalma da marar dalma ba. Mai sha bai sani ba. Mai gyaran famfo ne kaɗai a cikinsu yake da hanyar sani, in kuwa bai sani ba, sana'arsa ce ta wajabta masa ya bincika kafin ya karɓi kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Sauran maganar ciki, ba kuwa ƙaramar magana ba ce. Baƙo a Gabon yana zaune ne a kan takarda. Dattawanmu suna tuna farkon 1995, lokacin da dubban baƙi marasa takardu suka bar ƙasar a jiragen ruwa da motoci. A watan Agusta na 2025 gwamnati ta sanar da keɓe waɗansu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa, kamar gyaran wayar hannu da kitso da aski na bakin titi. Mutumin da katin zamansa ya kusa ƙarewa, ga kuɗin haya, ga iyaye a gida suna jiran aike, in ka ce masa ya mai da aiki, ka san abin da kake roƙonsa. Yakan ce, "In ban yi ba, wani zai yi." Gaskiya ne wani zai yi. Amma wannan magana ba ta taɓa wanke kowa ba, gama ba za a tambaye ni aikin wani ba. Dimitiriyas maƙerin azurfa na Afisa, a Ayyukan Manzanni sura 19, shi ma da maganar abinci ya tara abokan sana'arsa, ba ƙarya ya yi musu ba kuwa, cinikinsu yana cikin haɗari. Sai dai ina ganin rashin adalci ne ikkilisiya ta ce wa yaro ya ƙi, sa'an nan ta juya baya. Unguwanni da yawa a garin nan ruwa yana yi musu wuya, kowa yana neman wanda zai kafa masa tanki da injin tura ruwa. Dattijon da ya ɗaga murya a kan mashaya ranar Lahadi, ya kira baƙon ma'aikaci ya ba shi aikin tankinsa ranar Litinin alhali ga ɗan aji yana zaune, ban san da wane baki zai yi wa yaron faɗa ba. Zumuntar mata takan tara wa mai haihuwa gudummawa. Ban ga abin da zai hana a tara wa wanda ya yi hasara saboda lamiri ba.

Idan kuma mai sana'a ya ce zai yi shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na tukwanen asibiti da na madafa, ya zura tiyon roba na abinci a ciki yadda barasa ba za ta taɓa tagulla ba, to, ya yi wa soronsa katanga. Maganar guba ta faɗi, saura maganar sha, a nan kuwa Romawa sura 14 ta hana ni zama alƙalin bawan wani. Ba zan hana irin wannan mutum baftisma ba, ba zan kai sunansa gaban dattawa ba. In ya nemi shawarata zan tambaye shi inda za a kafa abin. Otal mai lasisi da awo daban yake da rumfar lungu inda ma'aikatan tashar jirgin ruwa ta Owendo suke barin albashinsu ranar biya, daban kuma da falon gida mai yara. Ga rumfar lungu da falon yara, shawarata ita ce ya ƙi. Kayan kirkin nan ma suna da tsada, masu ba da aikin kuwa galibi saboda araha suka zo wurinsa, don haka sau da yawa in ya faɗi farashin gaskiya cinikin yakan mutu da kansa.

Wanda ya riga ya ƙera wa wani irin na tagulla da farin bututu, ya koma ya gaya masa, ko da zai sha kunya ko ya mai da rabin kuɗi. Wanda yake da shi a gida ya kwance kwalbar, ya haska tocila cikin bututun ya ga kore da farin da suka taru a ciki. In ya daɗe yana sha daga gare shi, ya gaya wa likita a auna masa dalma a jini, balle in akwai mai ciki a gidan da takan ɗanɗana.

Mu ma masu wa'azi muna da namu bututun. A harabar majami'u da yawa akwai duro ko tanki da kan famfo na tagulla, wanda aka sayo a tire ɗaya da na mashaya, yaran makarantar Lahadi kuwa daga nan suke sha bayan ruwan ya kwana shida a cikin ƙarfe. Ruwa bai kai barasa cin ƙarfe ba, amma jikin yaro ya fi na babba ɗaukar dalma nesa ba kusa ba. Kafin kwamiti ya zauna a kan kuɗin sabon kan famfo mai alamar ruwan sha, sai mai buɗe majami'a da safe ya saki ruwan ya zuba na minti ɗaya ko biyu a bokiti, a ba shuke-shuke, kafin yara su iso.